Da Giya Ta Biyu Malam Yake Shiga Gida

Mun bar Yawuri ana fitowa daga sallar asuba, ni da mai ɗakina da wani abokin aikina da ya roƙi mu rage masa hanya zuwa Sakkwato. An kwana ana ruwa, kwalta ta yi baƙi wuluk, kwaɗi sai surutu suke a gefen hanya. Sai da na murza makulli sau uku kafin motar ta amsa, ta yi tari, ta yi kakari, sannan ta kama. Abokin nawa, wanda Allah ya hore wa jiki, ya shige baya ya rungume jakarsa, ya ce shi dai da alwalarsa ya fito, ko me zai faru a shirye yake.

Ku da kuke bibiyata kun san motar nan, kun sha yi mini tsiya duk ranar da na sa hotonta. Ƙarama ce, 'yar Jafan, mai kafireta, ta girmi autarmu da shekara biyu. Ta mahaifina ce. Malam muke ce masa duk gidan, har Inna mahaifiyarmu. Malamin makaranta ne, kuma da motar nan ya yi kusan rabin aikinsa. Da ya rasu shekara huɗu da suka wuce aka zo rabon gado, cikin 'yan'uwana babu wanda ya ko kalle ta. Ni na ce a sa ta a rabona. Na kawo ta Yawuri inda nake aiki, na riƙa lallaɓa ta, ban taɓa bari allurarta ta wuce sittin ba. Duk da haka kullum sai ƙara mutuwa take a hannuna, har ta kai in ta hango 'yar hawa tun daga nesa take fara nishi.

Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne dalilin wannan tafiya. Gidanmu yana Ƙofar Kware, kuma ya ɗan hau tudu. Daga lungu zuwa gindin dogon yaron da Malam yake ajiye mota akwai wani hawan siminti da aka ɗora a kan lambatu, gajere ne amma a tsaye yake. Malam ba ya tsayawa in zai hau shi. Da giya ta biyu yake karyo kwana, injin ya yi ƙasa da murya, ya yi wani gurnani mai kauri, ya haye, sai ya taɓa totur sau biyu ya kashe. Ɗakin Inna bangonsa ɗaya da wurin. Shekara da shekaru da wannan ƙarar take sanin mijinta ya dawo, kafin ya yi sallama ta riga ta miƙe ta ɗauko masa buta. Yanzu idanun Inna sun tafi, ciwo ya cinye su a hankali, da kunne take gane kowa da komai.

Shekara biyu da suka wuce na je gida da motar. Na zo hawan nan da giya ta biyu, ta mutu mini. Na tayar, na sa ta ɗaya, na riƙe kuloci ina danna mai, tana ihu tana wari, da ƙyar muka haye. Na shiga da murnata na gaida Inna, sai ta ce, "Wagga ba motam Malam ba ta." Na rantse mata ita ce. Ta ce "To," ta kawo wani zancen. Daga baya ƙanwata da ke zaune da ita ta gaya mini Inna ta ɗauka na sayar da motar ne, na sayi mai kama da ita don in rufe mata baki, tunda ba ta gani. Maganar nan ta yi mini ciwo ƙwarai. Tun ranar ban sake taka Sakkwato ba, sai waya da aike. Ina gaya wa kaina aiki ne ya yi yawa, alhali kunya ce da ɓacin rai. Watan jiya ƙanwata ta bugo ta ce jikin tsohuwa sai a hankali, tashi ma sai an kama ta. Shi ya sa na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na kai motar nan Inna ta ji muryarta ta gaskiya.

Daga Yawuri zuwa Koko hanya inda ta yi kyau ta yi kyau, inda ta lalace kuma sai ka zaɓi ramin da za ka faɗa. Amma damina ta yi wa ƙasa ado. Shinkafa ta yi kore shar a fadamu, gero ya fara fidda kai, shanu sun yi ɓul-ɓul suna tsallaka titi ba sa ko kallon mai hon. Mu ma ba mu da abin da za mu nuna musu, don gudunmu bai fi nasu da yawa ba. A nan abokina ya buɗe darasi. Ya ce akwai injuna na hannu da ake kawowa daga waje, a cire wannan a dasa babba, wuni ɗaya an gama. In ba haka ba a yanke salansa yadda samari suke yi, ko a zuba wani ruwan kwalba da ake sayarwa a tasha, wai yana mayar da tsohuwa yarinya. Mai ɗakina, da ta san abin da ke raina, ta dube ni kawai ta gyara mayafi. Na ce masa in na canja injin, to me zan kai wa Inna ta saurara?

A Jega muka karya kumallo. Gulbi ya kawo ja wur, ya cika har bakinsa, masu jiragen kwale-kwale suna ta kai da kawo. Muka zauna wurin wata mai masa, ta zubo mana da zafinta da romon kai, muka kora da shayi mai kauri. Abokina ya ci rabonsa ya taya ni cin nawa, wai tausayina yake ji kada barci ya ɗauke ni a kan sitiyari. Muna tashi wani mai faci da ke gefe ya ce, "Alhaji, tayoyinka sun kwanta fa." Na ce masa da gangan nake rage musu iska, don kada ramuka su riƙa jijjiga mini mota. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Aliero garin albasa ce, amma da damina albasar ta zama 'yar sarauta. Mai sayarwa ya ce wadda ta rage a rumbu ce, in mun ga dama mu saya, in ba mu saya ba na bayanmu zai saya. Mai ɗakina ta yi ciniki har sai da mutumin ya ce ta ji tsoron Allah, sannan ta ɗauki ɗan kwando za ta kai wa Inna. Abokina ya ce ƙara wa motar nan kwandon albasa zalunci ne. Ta ce masa in nauyi ake son ragewa ta san inda za a fara.

A Tambuwal muka sha fura da nono, kuma a nan na ji harshena ya koma gida da kansa. Na ji ni ina cewa "hura", ina cewa "lahiya lau", abin da na daɗe ban yi ba. Malam ya taɓa koyarwa a garin nan muna yara. Duk ranar Alhamis yakan kwaso mu a motar nan zuwa Sakkwato, mu biyar a baya, Inna a gaba da autarmu a cinya, kuma haka zai fito ya wuce babbar mota muna ihu muna ɗaga wa direba hannu. Akwai wata tsamiya da yake tsayawa ya saya mana dafaffen ƙwai. Na rage gudu, in ma ana kiran abin da muke yi gudu, ina neman ta. Babu ita, shagunan cajin waya ne a wurin. Kewar Malam ta taso mini.

Gaba kaɗan muka iske wata 'yar hawa da ba ta kai a ba da labarinta ba. Na sauko giya ta uku, na sauko ta biyu, ƙafata a ƙasa, motar tana rawar jiki. Wani mai babur ɗauke da mutum da raguna biyu ya zo ya jera da mu, ya leƙo ya ce, "Sannu Alhaji, a tura?" Sannan ya ba ta wuta ya bar mu da hayaƙi. Abokina ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba, don hawan ƙofar gidanmu nake gani a gabana.

Shagari, Boɗinga, Sifawa, duk muka wuce su da tafiyar hawainiya. Motocin hayar da muka bari a tashar Yawuri suna lodi, mun gamu da wasunsu sun sauke sun juyo. Sai bayan azahar muka shiga Sakkwato. Ko da damina zafin garin nan yana nan da halinsa, yana tarbar ka tun daga bakin gari. An yi sababbin gine-gine, kekuna masu ƙafa uku sun cika ko'ina, amma warin ƙasar da ruwa ya daka da ƙamshin masara a kan garwashi suna nan yadda na bar su. Muka sauke abokina kusa da kasuwa. Ya ce ya gode, amma in za mu koma kada mu wahalar da kanmu wajen nemansa.

Ban nufi gida ba, Unguwar Rogo na yi. Can ne garejin Baba Labbo, aminin Malam, wanda tun ranar da aka sayo motar nan babu bakaniken da ya taɓa ta sai shi, har zuwa ranar da na ɗauke ta. Unguwar a cushe take, lunguna sun sha ruwa, mai tura baro da mai keke da akuya kowa yana ganin hanyar tasa ce. Garejin rumfar kwano ce kawai kusa da wani mai walda. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun watse, sun koma motocin zamani da ake jona wa kwamfuta, shi kaɗai ya rage da akwatin sifanoninsa. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat. Da muka tsaya bai dube ni ba, motar ya duba. Ya taso ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ce, "Allah shi jiƙan Malam."

Bayan gaisuwa na kwashe labari duka na gaya masa, har maganar Inna. Ya ce in tayar da ita. Ya saurara da kai a sunkuye, ya zagaya baya ya tara hannu a bakin salansa, ya taɓa ƙarfen tayar baya ya janye hannu da sauri.

Ya ce, "Hajiya ta yi gaskiya. Ni ma da ban gan ta da idona ba, ba ni yarda ita ta."

Na ce, "Baba, ko dai injin ya ƙare, a canza shi?"

Ya ce, "In ka canza shi ka tabbatar da abin da tac ce. Bar ta nan ta kwana ta huce, ba a taɓa bawul da zahi. Gobe da sahe ka taho da tsohuwar riga, kai za ka riƙe mani sifana."

A keke muka ƙarasa gida da kwandon albasarmu. Inna tana zaune a kan tabarma an jingina ta da filo, ta rame har na tsorata. Na durƙusa, ta lalubo kaina ta shafa, ta ce, "Da mi kunka taho?" Na ce da mota, tana wurin Baba Labbo. Ta ce, "To." Irin "to" ɗin nan na wancan karon. Daga nan ta juya wajen mai ɗakina, suka shiga zancen albasa da tsadar manja, ni kuwa na zama kamar baƙon da ya raka wani. An yi tuwon shinkafa da miyar sure, abin da na daɗe ina marmari, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Kafin magariba na fita na zauna gindin dogon yaro. Tabon baƙin mai da motar ta bari a siminti yana nan, ruwan shekara huɗu bai wanke shi ba.

Washegari tun hantsi bai ɗaga ba ina gareji. Abu na farko, Baba Labbo ya kwance filogi huɗun nan, ya ɗaura wani ɗan agogo a ramin kowanne yana sa ni murza makulli. Allurar tana tashi kusan wuri ɗaya duk sau huɗun. Ya ce, "Zuciyatta lahiya lau." Na sauke ajiyar zuciya. Filogin kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya jefa su cikin gwangwani ya ce sababbi za a sa.

Sai ya zo kan tukunyar da iska ke bi ta shiga inji, ya tsaya cak. Ya zaro wani tsohon gyale ninki huɗu da na ɗaure bakinta da shi. Ya ce, "Wa yay yi wagga ɓanna?" Na ce ni ne, don kada ƙura ta shiga. Ya miƙo mini gyalen ya ce in ɗaura shi a hancina in ruga masallaci in dawo, in ya so sai in ba shi labari. Mai walda da ke jin mu ya ajiye aikinsa ya yi ta dariya. Matatar da ke ciki ma ta toshe, tun ta Malam ce, na ƙi canja ta don hannunsa ne ya sa ta.

Daga nan asirina ya yi ta tonuwa. Ya ce in shiga in take totur har ƙasa, injin a kashe, shi yana leƙa maƙogwaron kafireta, inda iska da fetur ke haɗuwa. Ya ce, "Taka mana!" Na ce na kai ƙasa. Ashe rabi kawai take buɗewa. Ya zo ya duba ƙarƙashin ƙafata, ya zaro kafet biyu masu kauri da na shimfiɗa a kan na Malam don kada ya goge, su suka tokare fedar. Wayar totur ɗin ma ta saki, ya ɗaure ta. Ya kwance baƙin mai, ya fito da kauri kamar maɗi, don ni mafi kauri nake saya, wai tsohon inji sai da shi. Ya ce in ba tsoho tuwon jiya mai tauri in gani ko ƙarfi zai ƙara masa. Ya ɗaga bayan motar da jak ya juya taya, ta ƙi juyawa. Birkin hannu ne ya cije, saboda nakan ja shi in rufe ta da tamfol ta yi mako biyu ba ta motsa ba. Tun daga Yawuri da birki a kame muka zo.

Kafireta kuwa a kan faranti ya warware ta ɗaya bayan ɗaya, ya wanke da fetur, yana hure 'yan ƙofofinta da baki yana ɗaga su sama yana hango rana. Ya daidaita bawul, ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a inji, da wasu siraran ƙarafa masu kama da reza. Salansa aka kai wa mai walda ya tsaga cikinta, baƙin da ya zubo ya kusa cika kwano. Na ce a sayi sabuwa mana. Baba Labbo ya ce, "A'a. A share ta a liƙe. Rabin muryat tana cikinta." Da aka haɗa komai aka tayar, ya kama kan distirbita, mai raba wa filogi wuta, yana juya shi kaɗan-kaɗan, kunnensa a kan inji. Ya ce in lura, in na taka mota na ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, an wuce wuri, sai a dawo baya kaɗan. Ya aika ni da kaina wurin mai faci aka cika tayoyi yadda ya kamata.

Ina cewa an gama, sai ya ce in buɗe but. Tun rasuwar Malam ban cire ko tsinke daga ciki ba, buɗewa ma ba na son yi, don ƙamshinsa yana nan. Jak biyu, mataccen batir, sarƙar ja, jarkoki, kwalin littattafai, takalmin ruwa, tabarmarsa da butarsa. Can ƙurya kuma rabin buhun siminti da ya daskare ya zama dutse. Na tuna shi. Malam ya saye shi ne zai liƙe wata tsaga a hawan ƙofar gida, ciwo ya riga shi. Shekara huɗu ina yawo da shi. Na zauna a kan bamba.

Baba Labbo ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya ce a hankali, "Ɗan Malam, ubanka duk wata shina zubda tarkacen ga. Bai bar su don ka yi ta jan su ba, lokaci na bai samu ba." Mu biyu muka kama simintin muka sauke. Na bar tabarma da buta da jak ɗaya, littattafan na ce zan kai gida.

Ya wanke hannu da omo da yashi ya shiga gaba ya ce mu ɗauki hanyar Kware. Muna haye gada, fadama ta buɗe hagu da dama, hanya ta miƙe babu kowa, ya ce, "Taka ta." Na kai sittin na tsaya a nan bisa al'ada. Ya daka mini tsawa, "Taka ta, ba ƙwai ba ta!" Na taka. Na ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe a madubi, ta yi tari sau biyu, sai kuma ta saki jiki. Saba'in, tamanin, casa'in. Kujera ta turo ni daga baya. Ƙarar da na ji a lokacin ita ce ta ranar Alhamis ɗin nan, ta hanyar Tambuwal, mu biyar a baya. Idona ya ciko har na rage gudu don ban ga hanya sosai ba.

A hanyar dawowa ya ce, "Ba mu ƙara mata komi ba hwa. Ƙarhin da anka yi ta da shi munka maido. Ƙaramin inji iska shika so, da wuta kan lokaci, hayaƙi shi samu hanya, kuma kar a riƙe mai ƙahwa. Kai kash shaƙe ta da tausai. Duk mako ka hau titi da ita ta yi zuhwa." Na tambaye shi taɓa totur sau biyun da Malam yake yi kafin ya kashe, ko yana da amfani. Ya ce, "Ɓannar mai ta. Shekara talatin ina hana shi bai bari ba." Sannan ya ce, "Amma yau ka yi."

Na sauke shi, na yi la'asar a masallacin unguwarsu, na nufi Ƙofar Kware daidai lokacin da Malam yake dawowa. Na shiga lungunmu, na wuce mai ƙosai, na wuce shagon tela, na sa giya ta biyu. Zuciyata tana ce mini in tsaya in sa ta ɗaya kada a ji kunya. Ban tsaya ba. Na karya kwana, gaban motar ya ɗaga, injin ya yi ƙasa da murya, ya yi gurnanin nan mai kauri, sai ga ni gindin dogon yaro. Na taɓa totur sau biyu na kashe.

Na shiga ban ko yi sallama ba. Inna tana tsaye a tsakar gida, ita kaɗai, babu wanda ya kama ta. Ta ja mayafinta ta rufe kai, buta a hannunta. Ƙanwata tana bakin madafa ta toshe baki da hannu, mai ɗakina ta juya baya. Inna ta fuskanci ƙofa tana jira. Na ga lokacin da ta tuna, don kafaɗunta sun sauka.

Ta ce, "Kai na?"

Na ce, "Ni na, Inna."

Ta miƙo mini butar, na karɓa. Ta ce, "Koma ka sake shigowa."

Na koma. Na yi baya na sauka lungu, na zagayo na sake hawa. Ta aiko ƙanwata wai in ƙara. Sau uku na shiga gidanmu a yammacin nan, tela ya bar kekensa ya fito yana kallo, mai ƙosai tana tambaya ko birki ne ya lalace. A na ukun na iske an kawo Inna zaure ta zauna a kan kujera, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba. Ta ce, "Ita ta. Ka yahe mani, na zarge ka." Na ce ni ne da neman gafara, ni na shaƙe ta da hannuna.

Da safe, muna shirin komawa, na gaya mata shawarar da na kwana da ita. Na ce zan bar motar a nan, mijin ƙanwata ya iya tuƙi, ya riƙa shigo da ita kowace la'asar tana ji, mu za mu bi motar haya. Ina tsammanin za ta yi murna. Ta girgiza kai.

Ta ce, "Tahi da abarka. Malam ya tahi, na sani, ba yarinya nike ba. Shekara biyu kullum la'asar ina saurare, ko da wancan mugun kukan nata na in ji, in san kai na. Ban ji ba."

Na durƙusa ta shafa kaina, ta ce Allah shi yi albarka, in gaida hanya.

Komawarmu ba ta da labari mai yawa. Hawan da mai babur ya yi mana tayin turi, da giya ta huɗu muka haye shi, mai ɗakina tana waige-waige ko za ta gan shi ta rama. A Jega na tsaya na nuna wa mai faci tayoyina, ya ce yanzu na yi hankali. Fetur ma motar ba ta sha rabin abin da ta sha da zuwa ba, ko kuwa haka na gani don raina fari ne. Kafin azahar muna Yawuri, yara suka fito suna mamaki wai ko jirgi muka hau.

Masu ƙananan tsofaffin motoci irina, kafin ku je neman babban inji ko ruwan kwalba, ku duba abin da kuka toshe da abin da kuka ɗora mata. Tawa babu abin da ya same ta sai ni. Ina jin tsoron in rasa abin da ya rage mini na Malam, sai na naɗe shi na ɗaure, na ajiye shi nesa da wadda ta fi ni kewarsa, ni ma na zauna nesa da ita. Tabarma da buta suna nan a but, su ba su da nauyi. Na riga na nemi hutu ranar Juma'ar ƙarshen wata. Na gaya wa ƙanwata kada ta faɗa wa Inna, za ta ji da kanta.